Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya gano asirin ruwan khal

Duk Badamagaren da ya ji inda aka haifi Louis Pasteur sai ya yi murmushi. Sunan garin Dole, tamkar kasuwar Dole ta Zinder, amma wannan a gabashin Faransa yake. A can aka haife shi ranar 27 ga Disamba 1822. Mahaifinsa majemi ne, sana'ar da Damagaram ta yi suna a kanta.

Duniya ta fi saninsa da allurar cizon mahaukacin kare ta 1885, amma aikinsa kan ruwan khal ya riga ta da fiye da shekara ashirin. A zamanin da Sarki Tanimun ke mulkin Damagaram, masu yin khal a birnin Orléans na ta tafka asara, domin gangunansu kan lalace ba su san dalili ba. Babban masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya dage cewa tsamin aikin sinadari ne kawai.

Pasteur ya sa na'urar hangen ƙwayoyi a kan yanar da ke taruwa a saman ganga, ya tarar da rai a cikinta. Ƙwayoyin, waɗanda ake kira Mycoderma aceti, suna zuƙar iska su mayar da barasa khal. Idan yanar ta nutse, aiki ya tsaya. Idan barasar ta ƙare aka ƙyale su, sai su koma cin tsamin da suka yi da kansu. Nan asarar take. Ya wallafa binciken a 1864, a 1867 kuma ya je Orléans ya nuna wa masu sana'ar yadda za su shuka ƙwayar da gangan, sannan su ɗumama khal ɗin don ya daɗe.

Shekarun ba su zo masa da daɗi ba. 'Ya'yansa mata uku sun rasu tsakanin 1859 da 1866, a 1868 kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma bai bar ɗakin bincike ba.

Ya rasu ranar 28 ga Satumba 1895, shekara huɗu kafin sojojin Faransa su kama Zinder. Daga baya aka raɗa wa ƙwayarsa Acetobacter. A 2000 aka bayyana wata 'yar uwarta, Asaia, wadda aka tarar tana zaune a cikin sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma masana na gwada ko za a iya amfani da ita a hana sauron ɗaukar cutar.