Bessie Coleman, matar da ta koyi Faransanci don ta tuƙa jirgin sama

Ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 1921, Hukumar Harkokin Jiragen Sama ta Duniya, wadda mazauninta yake a Paris a wancan zamani, ta bai wa wata baƙar Ba'amurkiya mai suna Bessie Coleman takardar shaidar tuƙin jirgin sama. Ita ce baƙar mace ta farko daga Amurka da ta riƙe irin wannan takarda. Ba a ƙasarta ta same ta ba, ba kuma da harshen da ta sha a nono ba.

An haife ta ranar 26 ga Janairu 1892 a garin Atlanta na jihar Texas, ita ce ta 10 cikin ƴaƴa 13. Iyayenta, George da Susan, manoma ne marasa gonar kansu, suna noma ta wani a raba amfani. Tana ƙarama suka koma Waxahachie, ƙasar auduga, inda makarantar baƙaƙen yara ɗaki ɗaya ce rak, kuma ana rufe ta duk lokacin da ɗibar auduga ta kama. A 1901 mahaifin, wanda yake da jinin ƴan asalin Amurka, ya tafi Oklahoma ya bar uwar da ɗawainiyar gida. Bessie ta yi wankau, ta tara ɗan abin da ta tara, ta shiga kwalejin baƙaƙe ta Langston a 1910. Zango ɗaya ta yi, kuɗin suka ƙare.

A 1915 ta bi ƴan'uwanta maza zuwa Chicago, ta kama sana'ar gyaran farce a wani shagon aski. A nan ta riƙa jin hirar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yayanta John, wanda ya yi yaƙin a Faransa, yakan zolaye ta da cewa matan can har jirgin sama suke tuƙawa, ita kuwa tana nan tana kankare farcen maza. Wasa ya zama gaske. Ta nemi makarantun tuƙi na Amurka ɗaya bayan ɗaya, duk suka ƙi ta, saboda laifi biyu da babu wanda za ta iya tuba daga gare shi: mace ce, kuma baƙa ce.

Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, shi ya ba ta shawarar ta nufi Faransa. Shawarar tana da hujja. Bafaranshiya Raymonde de Laroche ce mace ta farko a duniya da ta samu shaidar tuƙin jirgi, tun 1910, kuma baƙar fata Eugene Bullard, wanda shi ma Ba'amurke ne, a rundunar Faransa ya tuƙa jirgin yaƙi a 1917. Sai dai kafin teku akwai wani shinge, wato harshe. Bessie ta shiga ajin Faransanci na makarantar Berlitz a Chicago, tana da shekara kusan 28, da rana tana neman kuɗin jirgin ruwa.

Wannan mataki ya cancanci a dakata a kansa. Faransancin da take bukata ba na gaisuwa da cinikin burodi ba ne. Harshe ne da za ta karɓi umarni da shi daga bakin malami a jirgi marar rufi, inji yana ruri, iska tana kwashe rabin kalma, kuma kuskuren fahimta ɗaya yana iya zama ajali. Abin da ya ɗan sauƙaƙa mata shi ne, sana'ar kanta da Faransanci ta fara magana: kalmomi irin su fuselage da aileron da hangar, Ingilishi aro su ya yi daga Faransanci. A daidai waɗannan shekaru kuwa, a Damagaram da Tawa da Maraɗi, Faransancin nan harshen bariki ne, na kwamanda da tafinta, na haraji da aikin dole. Harshen da ya zama ƙofa ga ƴar manoman Texas, a nan takunkumi ne. Ba nahawunsa ne ya canza tsakanin wuraren biyu ba, wanda yake riƙe da shi ne ya bambanta.

A watan Nuwamba 1920 ta tashi daga New York. Ta shiga makarantar ƴan'uwa Caudron a Le Crotoy, bakin teku a arewacin Faransa, garin da Raymonde de Laroche ta rasu a hatsarin jirgi a 1919. Jirgin koyon ƙirar Nieuport ne mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, na katako da ƙyalle, babu birki, ana sarrafa shi da sanda a hannu da wani ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa. A kan idonta wani ɗalibi ya faɗo ya mutu. Ba ta fasa ba, cikin wata bakwai ta kammala.

Da ta koma Amurka a Satumba 1921, jaridun baƙaƙe sun yi mata maraba, amma takarda ba ta ba ta aiki ba. A lokacin, hanyar cin abinci da jirgi ita ce wasan sama: a yi alkafura, a yi kamar za a faɗo, ƴan kallo su biya. Don ta ƙware a wannan ta sake komawa Turai a 1922, ta ratsa Faransa da Holan, inda ta sadu da maƙerin jirage Anthony Fokker, sannan Jamus. Ranar 3 ga Satumba 1922 ta yi wasanta na farko a filin Curtiss kusa da New York, a bikin girmama baƙaƙen sojojin runduna ta 369. Daga nan aka laƙaba mata Sarauniya Bess.

Ta san yadda ake sayar da suna. Takan fito cikin kaya irin na hafsoshi, ta kuma rage wa kanta shekara huɗu a takardu. Amma akwai inda ba ta yin ciniki. An ba ta babban matsayi a wani fim, da ta ga za a fara nuna ta cikin tsumma da ƙunshin kaya a baya, sai ta yi tafiyarta, alhali tana cikin tsananin bukatar kuɗin. A Waxahachie, garin ƙuruciyarta, ta ƙi tashi sai an bar baƙaƙe da farare sun shiga ta ƙofa ɗaya. An yarda, ko da yake a ciki an raba musu wurin zama. Burinta shi ne ta buɗe makarantar tuƙi ta baƙaƙe, don kada wani ya sake ƙetare teku neman abin da ake koyarwa a bayan gidansu. Saboda shi ta riƙa yawo coci-coci da makarantu tana lacca.

Talauci ne ya riƙa zaɓa mata jirage. Curtiss JN-4, ragowar yaƙi, shi ne abin da aljihunta ya kai. A Fabrairu 1923 injin na farkon ya mutu a sama a Santa Monica, ta karye a ƙafa da haƙarƙari. Na biyun ta saye shi a Dallas, wani matashin makaniki farar fata, William Wills, ya tuƙo mata shi zuwa Jacksonville ta jihar Florida, bayan saukar dole a hanya saboda matsalar inji.

Da safiyar 30 ga Afrilu 1926 suka tashi su biyu, Wills yana tuƙi. Bessie ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba, don tana son ta leƙa ta ga filin da za ta diro da lema washegari. Jirgin ya nutsa ba zato, ya kife, ta faɗo daga nisan mita ɗaruruwa ta mutu nan take. Wills ya mutu tare da jirgin. A cikin tarkacen aka tarar da sifana da ta maƙale a na'urar sarrafawa. Shekarunta 34.

An yi mata addu'o'i a Jacksonville da Orlando, sannan a Chicago, inda dubban mutane suka fito, cikinsu har da ƴar jarida Ida B. Wells. An binne ta a maƙabartar Lincoln. Makarantar da ta yi ta tara wa kuɗi, William Powell ne ya buɗe irinta a Los Angeles a 1929, ya sa mata sunan Bessie. A 1931 baƙaƙen matuƙa na Chicago suka ratsa ta saman kabarinta da jiragensu, suka zubo furanni.