Friedrich Froebel: Ɗan Faston Da Aka Ɗauka Daƙiƙi Ne

Yanzu da hutu ya ƙare, iyaye suna ta fama da kuɗin makaranta da ɗinkin yunifom, ya kamata mu ji labarin wani ɗan fasto wanda bai rasa ci da sha ba a gidan ubansa, amma ya rasa mai tambayarsa abin da ke damunsa.

An haifi Friedrich Froebel ranar 21 ga Afrilu, 1782, a ƙauyen Oberweissbach na ƙasar Jamus. Mahaifinsa fasto ne na ikkilisiyar Lutaran. Yana da wata tara a duniya mahaifiyarsa ta rasu. Shi kuwa fasto aiki ya sha masa kai, don jama'ar da yake kiwo sun kai kimanin mutum 5,000, warwatse cikin ƙauyuka da dama. Da ya sake aure, amarya ta rungumi maraya da farko. Amma da ta sami nata ɗa sai ta juya masa baya, har ta riƙa yi masa magana irin wadda ake yi wa bare.

Yaro ya zama shiru-shiru, kullum shi kaɗai a cikin gida. Uban ya gwada koya masa karatu, abu ya ƙi shiga, har haƙurinsa ya ƙare, aka ɗauka yaron ba shi da kai. To, jama'ar Allah, a nan ne kuskuren yake. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, hankalinsa ne ba a kwance ba. Yaron da ke zullumin abin da zai tarar a gida, ina zai sami wurin ajiye baƙaƙe? Abin baƙin cikin shi ne, a gidan mai wa'azi ne wannan ya faru.

Aka sa shi makarantar 'yan mata ta ƙauyen. Ranar da ya fara zuwa, ya tarar da yara suna haddace Matiyu 6:33, ayar kuwa ta zauna masa a zuciya har tsufansa.

A 1792, yana da shekara goma, kawunsa, wanda shi ma ma'aikacin ikkilisiya ne a garin Stadtilm, ya ɗauke shi. Wannan bawan Allah ya riga ya rasa matarsa da ɗansa, sai ya riƙe ɗan 'yar'uwarsa da taushin hali. A can ne Froebel ya fara fita wasa da tsaransa. Da farko sun fi shi ƙarfi da zafin nama, don bai saba ba, amma sannu a hankali ya sake. Kawun bai yi wani abin mamaki ba. Ya yarda da shi ne kawai, ya kuma bar shi ya yi ƙuruciyarsa.

Daga nan ya koyi aikin gandun daji, ya shiga jami'ar Jena a 1799, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Sai a 1805 ya fara koyarwa a Frankfurt, ya ga ashe wannan ne kiransa. Ya zauna da shahararren malamin nan Pestalozzi a ƙasar Suwizalan daga 1808 zuwa 1810, ya kuma buɗe tasa makarantar a 1816.

Abin da duniya ta fi saninsa da shi ya zo ne bayan ya manyanta. A 1837 ya buɗe wani wuri na ƙananan yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. A ganinsa kowane yaro shuka ce ta Allah, malami kuwa mai lambu ne, aikinsa ban ruwa da haƙuri. Ya ɗauki wasa da muhimmanci ƙwarai, domin ta wurin wasa ne yaro ke fitar da abin da ke cikinsa tun bai iya faɗa da baki ba. Ya shirya musu ƙwallaye masu taushi kala shida da 'yan guntayen katako na gini, ga waƙa, ga ɗan fili da kowane yaro zai shuka abinsa. Ya horar da mata su zama malamai, a 1844 kuma ya fitar da littafin waƙoƙi da wasanni domin uwaye, saboda ya san daga gida ake fara renon zuciya. Wanda bai san ɗumin uwa ba shi ne ya zauna yana tsara yadda uwa za ta yi wasa da jaririnta.

Ƙarshensa bai zo da daɗi ba. A 1851 gwamnatin Furushiya ta hana irin waɗannan makarantu, wai suna koyar da rashin yarda da Allah. Akwai alamar an haɗa shi ne da ɗan ɗan'uwansa Karl, mai zafin ra'ayin siyasa. Tsohon ya rubuta ya bayyana bangaskiyarsa, ba a saurare shi ba. Ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1852, yana da shekara 70. Sai a 1860 aka ɗage dokar, bayan an riga an buɗe lambun yara a Ingila da Amurka. A kan kabarinsa an kafa dutse mai siffar kayan wasan nan na katako da ya yi wa yara.