Antoni Lewanhuk, Mai Kantin Yadi

A ƙasar Holan, can cikin ƙasashen Turai, akwai wani gari wai shi Delf. A nan aka haifi Antoni Lewanhuk cikin shekarar 1632. Ubansa masaƙin kwanduna ne, ya kuwa rasu tun Antoni yana ƙarami. Yaron bai yi zurfi cikin karatu ba. Da ya kai shekara 16 sai aka aika da shi birnin Amstadam, ya zama yaron wani mai sayar da yadi. Ya yi shekara shida can, sa'an nan ya komo gida cikin 1654, ya yi aure, ya buɗe kantin kansa.

Kun san yadda mai sayen zane a kasuwar Gatawa ko ta Isa yakan ɗaga shi sama, ya duba ko saƙar ta matsu. To, 'yan kasuwar Holan da wani ɗan gilashi suke wannan dubawa. Gilashin yana ƙara wa abu girma, har mutum ya iya ƙidaya zare ɗaya ɗaya, ya rarrabe yadi mai kyau da mai algus.

Antoni bai gamsu da irin gilashin da ake sayarwa ba, sai ya shiga gyara nasa. Yakan goge 'yar ƙwayar gilashi wadda ba ta fi ƙwayar gero ba, ya maƙala ta tsakanin falle biyu na tagulla ko azurfa. Abin da yake so ya duba sai ya ɗora shi kan tsini a gaban gilashin. Ya yi irin waɗannan gilasai fiye da 500. Akwai wanda ke ƙara girman abu wajen sau 270.

Daga zare sai ya koma kan ƙarin zuma, da ƙwarƙwata, da jini. Cikin 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba. Sai ga waɗansu ƙananan halittu suna ta iyo, suna kai da kawowa, alhali kuwa ido bai ga kome ba sai ruwa. Cikin 1676 ya jiƙa masoro, ya ga waɗansu da suka fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ya rubuta wa babbar ƙungiyar masana ta Landan labarin abin da ya gani. Masanan suka yi shakka, gama mai kanti ne, bai san Latin ba, harshen malaman Turai na zamanin. Antoni bai yi fushi ba. Ya kirawo malaman addini da waɗansu dattawa masu mutunci, suka leƙa da idonsu, suka sa hannu a takardar shaida. Cikin 1677 wani masani, Robat Huk, ya gwada a Landan, shi ma ya gani. Shakka ta ƙare. Cikin 1680 suka karɓi mai kantin nan cikin ƙungiyarsu. Bayan shekara uku ya duba dattin haƙoransa, ya tarar da halittun nan birjik.

Sunansa ya kai ko'ina, har Sarkin Rasha, Bitrus, ya nemi ganinsa cikin 1698. Duk da haka bai sa madubansa kasuwa ba, bai kuma koya wa kowa sirrin gyara su ba. Ya rasu cikin 1723, yana da shekara 90, ya bar wa ƙungiyar Landan madubai 26.

Antoni bai san cewa waɗansu daga cikin halittun nan suna kawo cuta ba. Sai bayan mutuwarsa da fiye da shekara ɗari Fasto na Faransa da Kok na Jamus suka tabbatar da haka. Cikin 1880 kuma wani likitan Faransa, Labaran, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin majiyyaci a Aljeriya.

Yanzu akwai masana'antu da ke ƙera madubin likita suna sayarwa ko'ina a duniya. Da shi ake duba ƙarfe da yadi kafin su fita kasuwa, da shi ake awon jini a asibitin Isa ko na Sabon Birni. In malami ya ce ku tafasa ruwan tafki kafin ku sha, ku tuna da abin da Antoni ya gani.