Paul Voulet: Hafsan da Buri Ya Kai Shi Kabari a Maijirgi

Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Damagaram zai ratsa Maijirgi, garin da aka binne Kyaftin Paul Voulet da abokin tafiyarsa Julien Chanoine a watan Yulin 1899. Ɗalibin da ya nazarci wasan Macbeth na Shakespeare zai ga kama mai ban tsoro a rayuwar wannan mutum: jarumin soja da aka yaba wa, buri ya rufe masa ido, ya kashe na gaba da shi, mutanensa suka juya masa baya.

An haifi Voulet a birnin Faris a 1866, mahaifinsa likita ne. Ya shiga rundunar da Faransa ke aikawa ƙasashen da take mamayewa, ya yi ta hawa har ya zama hafsa. Sunansa ya fito a 1896, lokacin da shi da Chanoine suka ci Wagadugu da yaƙi, suka sa mata wuta, Sarkin Mosi Wobgo ya tsere. Hukumomi a Faris sun san irin ɓarnar da aka yi, amma suka saka masa da yabo da ƙarin girma. Darasin da ya ɗauka daga nan shi ne, muddin an ci nasara, babu mai tambayar yadda aka ci ta.

A 1898 aka damƙa masa jagorancin rundunar da za ta keta daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Mataimakinsa Chanoine ɗa ne ga janar ɗin da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a wannan shekara, abin da ya ƙara wa su biyun jin cewa babu mai taɓa su. Gwamnati ta ba su babban aiki da ƙaramin guzuri, ga sojoji da 'yan dako da mata da dabbobi masu ɗimbin yawa. Bugu da ƙari, yarjejeniyar da Faransa ta ƙulla da Ingila a watan Yunin 1898 ta tilasta musu zagaye Sakkwato ta arewa, inda rijiyoyi suka yi ƙaranci. Rundunar ta koma ci da ƙarfin bindiga. A watan Janairun 1899 ta yi kisan gilla a Sansanin Hausa. A watan Afrilu ta gwabza da mayaƙan Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu kuma ta ragargaza Birnin Ƙonni, ta hallaka jama'a masu yawan gaske.

Asiri ya tonu ta hanyar wasiƙa. Wani laftana mai suna Peteau, wanda Voulet ya sallama daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa abin da idonsa ya gani, labari ya isa kunnen gwamnati. Aka tura Laftana Kanar Klobb, tare da Laftana Meynier da 'yan sojoji kaɗan, ya bi sawu ya karɓi ragamar. Bai sha wahalar gane hanya ba, domin ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka yi masa jagora har ƙasar Tasawa.

A nan ne Voulet ya tsaya a mararraba. Yana iya miƙa wuya ya fuskanci shari'a, yana kuma iya ƙara jini a kan jini. Ya aika wa Klobb gargaɗin kada ya matso. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi arangama a Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi, Voulet ya umarci nasa su buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Daga nan Voulet ya cire alamun muƙaminsa, ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransanci, zai kafa daular kansa a ƙasar baƙar fata. Chanoine ya bi shi.

Sarautar ba ta wuce kwana uku ba. Sojojin Afirka da ya dogara da su suka fahimci cewa bin sa na nufin ba za su sake ganin gida ba. Suka yi bore, suka harbe Chanoine ranar 16 ga wata. Washegari Voulet ya nufo sansani, mai gadi ya bindige shi, yana ɗan shekara 32.

Wa ke da alhaki? A wasan Shakespeare, bokaye sun yi hasashe, matar Macbeth ta zuga, amma hannunsa ne ya riƙe wuƙa. Haka ma Voulet: zugar aboki da sakacin gwamnati ba su wanke shi ba, shi kuma laifinsa bai wanke waɗanda suka aike shi ba. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda aka yi amfani da kalma wajen rufe wannan tambaya. Faransawa suka jingina abin ga wata cuta da suka kira soudanite, wai haukan da zafin ranar ƙasar Sudan ke jawo wa Bature. Da kalma guda aka mai da mai laifi majinyaci, aka ɗora laifin a kan ƙasar da aka zalunta. Abin da ya girgiza Faris shi ne kisan kanar guda, ba dubban talakawan da suka riga shi ba.

Ita kuwa rundunar ba ta tsaya ba. Ragowarta ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata, sannan a ƙarƙashin Joalland da Meynier ta isa Chadi, ta shiga yaƙin Kusuri da aka kashe Rabe a 1900. Faransa ta la'anci mutumin, ta riƙe ƙasar da ya share mata hanya. Marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya maido da labarin ta fuskar waɗanda aka yaƙa a littafinsa Sarraounia na 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. A garuruwan da rundunar ta ratsa kuwa, daga Ƙonni zuwa Tasawa, jikoki na ci gaba da ba da labarin da suka gada daga bakin kakanninsu.