Albert Einstein da Awon Taurari

An haifi Albert Einstein a garin Ulm na ƙasar Jamus a shekarar 1879. Da ya gama karatu bai sami aikin koyarwa ba, sai ya kama aikin ofis a birnin Bern.

A 1915 ya fito da maganar da ta girgiza masana, wai duk abu mai nauyi, kamar rana, yana tanƙwara hasken da ya gifta kusa da shi. Abin da ya fi burge ni, kusa da mu aka gwada ta. Ran 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, wani Baturen Ingila, Eddington, ya ɗauki hoton taurari a tsibirin Principe, kudu da Nijeriya, ya tarar lalle hasken ya karkace.

Einstein Bayahude ne, saboda haka da Hitler ya hau mulki a 1933 sai ya zauna Amurka. A 1936 ya nuna cewa in tauraro ya gifta gaban wani, nauyinsa zai tattara hasken na baya kamar gilashin tabarau. Amma shi kansa bai sa rai za a taɓa gani ba, har ya rasu a 1955.

Sai a 1993 aka gani. A Zauro shinkafa muke awo da mudu, su kuwa masana da wannan dabara suke lissafa nauyin taurari da nisansu. A 2017 sun auna Stein 2051 B, ɗaya daga wasu taurari biyu masu zagaya juna, suka sami nauyinsa wajen kashi biyu cikin uku na rana.