Tarihin Robert Oppenheimer, Shugaban Maƙeran Bom Ɗin Atam

An haifi Robert Oppenheimer a birnin New York ta Amurka ran 22 ga Afrilu, 1904. Ubansa Bayahude ne, ya zo daga Jamus yana saurayi, ya yi arziki da cinikin yadi. Yaro ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa, ya yi karatu a Harvard, ya ƙetara Kambirij ta Ingila, ya sami digirin dakta a Gottingen ta Jamus cikin 1927, kana ya koma gida yana koyad da kimiyya a Kalifoniya. Cikin 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Janar Leslie Groves ya zaɓe shi ya shugabanci masanan da aka tara a Los Alamos, cikin jihar New Mexico, domin su ƙera makamin da ba a taɓa ganin irinsa ba.

Ran 16 ga Yuli, 1945, da asuba, aka gwada bom ɗin. An ɗora shi bisa hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 100, shi kuwa Oppenheimer yana maɓoya, tsakaninsu kusan mil 6. Da ya tashi, haske ya fara zuwa, wanda ya fi na rana tsaka, ba ko motsi, sai da aka yi wajen rabin minti sa'an nan ƙara ta iso. Manomin Malumfashi ba zai yi mamakin wannan ba, gama ya san walƙiya takan riga tsawa, da tazarar da ke tsakaninsu ma yakan gane nisan hadari. Amma masu shirya silima da yawa sukan haɗa wutar da ƙarar lokaci guda, don kada 'yan kallo su ƙosa. Christopher Nolan, wanda ya fitad da fim a kan rayuwar mutumin nan cikin 2023, bai bi su ba. Ya bar ɗakin kallo tsit, ba a jin kome sai numfashin mutane, har ƙarar ta zo ta firgita kowa. Nan kam ya yi gaskiya. Wutar kuwa ƙin zana ta ya yi da kwamfuta, aka cinna wa man fetur da garin ƙarfe wuta aka ɗauka, kuma a ganinmu ba ta kama ƙafar ainihin hoton da Berlyn Brixner ya ɗauka a ranar ba.

Akwai abin da fim ɗin ya tsallake. Bai nuna Hiroshima da Nagasaki ba, inda aka jefa bom ran 6 da ran 9 ga Agusta, mutum fiye da 100,000 suka halaka. Bai kuma nuna tokar gwajin ba, wadda ta sauka a kan shanun makiyayan New Mexico, ta ƙona musu gadon baya, gashin da ya sake tsirowa ya fito fari. Wannan toka mai guba ita ce ta tayad da hankalin ƙasarmu sa'ad da Faransa ta fasa nata bom a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ran 13 ga Fabrairu, 1960, watau lokacin hunturu, da iska ke kwaso ƙura daga arewa tana zubawa a gonakin auduga na Funtuwa da Malumfashi. Da Faransa ta yi gwaji na uku, gwamnatin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta cikin Janairu, 1961.

Shi dai Oppenheimer bai sami kwanciyar rai da aikin hannunsa ba. Bayan yaƙi ya yi ta neman ƙasashe su haɗu su sa wa makamin linzami, cikin 1949 kuma ya ƙi goyon bayan gaggauta ƙera bom ɗin haidurojin, wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Abokan gaba suka tono tsohuwar hulɗarsa da 'yan gurguzu, aka zaunad da shi gaban kwamiti cikin 1954, aka hana shi sanin asirin gwamnatin da ya yi wa bauta. Cikin 1963 Shugaba Johnson ya miƙa masa lambar girma ta Fermi, amma ba a mayar masa da amanar ba. Ciwon daji na maƙogwaro ya kashe shi a Princeton ran 18 ga Fabrairu, 1967, yana da shekara 62. Sai cikin 2022 gwamnatin Amurka ta soke hukuncin nan na 1954.