Alhassan Ɗantata: Attajirin da Dukiyarsa ba ta Cinye Shi ba

A kasuwannin bakin iyaka irin su Kusuri, Fotokol da Gamboru, da ma shagunan unguwar Kilemat a nan Injamena, ba a rasa ɗan kasuwar da ciniki ya buɗe masa amma jikinsa ya soma ba shi sammaci. Shi ne a sito, shi ne a wurin 'yan duwan, shi ne mai bin bashi, shi ne mai ƙirga sefa da naira har tsakar dare. Irin wannan mutum zai amfana da tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda lokacin rasuwarsa ake ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu tun yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara ta ƙasar Gana da zama, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Da yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, yana cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. Ke nan ya san wahala tun kafin ya san riba.

Sana'arsa ta farko ita ce fataucin goro. A wancan zamani ayari kan shafe watanni a ƙafa tsakanin Kano da Gwanja, ga 'yan fashi, ga cuta, ga goro da ba ya son jinkiri, kullum sai an kwance huhu an tsince ruɓaɓɓe. Alhassan ya lura cewa jirgin ruwa na zirga-zirga tsakanin gaɓar Gana da Ikko, ya shiga sahun 'yan Arewa na farko da suka riƙa loda goronsu a ciki. Kaya suka riƙa isa da wuri, asara ta ragu, shi kuma ya huta da tafiyar da ta karya lafiyar fatake da yawa.

Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, sai kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 kamfanin Turawa na Niger Company ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma ya ci gaba da wannan aiki bayan an kafa kamfanin UAC a 1929. A nan ne dabararsa ta fito fili. Bai ce sai shi zai je kowane ƙauye ya tsaya a kan sikeli ba. Ya tara wakilai da yaran gida, ya ba su jari tun kafin kaka, su kuma suka bi manoma. Nasa shi ne zaɓen mai amana da duba lissafi. Buhunan da wakilan nan suka tattaro suna cikin waɗanda aka gina shahararriyar dalar gyaɗa ta Kano da su.

Amfanin wannan tsari ya bayyana a farkon shekarun 1920, lokacin da ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, har ya bi ta Ingila. A zamanin, yawancin alhazan ƙasar Hausa ta nan Fort-Lamy suke ratsawa zuwa Sudan, wasu su yi shekaru a hanya. Tafiyarsa ta ɗauki watanni, ya dawo ya tarar harka na tafiya. Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi wa kansa ita ce: idan ya rufe waya na mako biyu, ko ya kwanta asibiti, shagonsa zai buɗe?

Abu na biyu shi ne ƙanƙan da kai. Dukiyarsa ta yi ta hauhawa amma buƙatunsa ba su bi ta ba. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Duk da haka masu tarihi sun bayyana shi da mutum mai sauƙin ci da sutura, mai cin abinci tare da ma'aikatansa, mai ciyar da mabuƙata da biya wa mutane kuɗin Hajji. Wanda bai ɗora wa kansa gasar tufafi da gidaje ba, ba ya shiga bashi don a gan shi, kuma barcinsa ya fi daɗi.

Abu na uku shi ne iyali. Ya sa 'ya'yansa cikin sana'a tun yana da ƙarfi, suka koyi saye da sayarwa a gabansa. Da ciwo ya kama shi a 1955, ya tara su tare da mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin ya watse. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a unguwar Sarari cikin birnin Kano.

Gidan bai mutu da mutuwarsa ba. Sanusi Ɗantata ya zama babban attajiri da kansa. Aminu Ɗantata ya jagoranci kamfanin iyalin shekaru masu yawa, har ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli kullum ba shi da raƙuma 20 na azurfa, amma yana iya koya wa yaro ɗaya riƙe littafin bashi, ya ware ranar da zai je a auna masa jini, ya ci tuwon dare da iyalinsa. Uwar kuɗi idan ta karye ana sake tara ta, mai ita kuwa ɗaya ne.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya ba 'yan kasuwarmu ciniki mai albarka da lafiyar cin moriyarsa.